Murar Aladu da Kunyar Suruka

A garin da nake koyarwa a shekarar, babu alade ko ɗaya. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa ganinsa ba sai a littafin kimiyya, shafin dabbobi masu shayarwa, inda wani yaro mai tsoron Allah ya riga ya tsokale masa ido da bik, wato biro. Saboda haka da rediyo ya fara maganar murar aladu a ƙasashe masu nisa, mun saurara kamar yadda muke sauraron labarin girgizar ƙasa: abin tausayi ne, amma na wasu ne.

Ni ne mushe, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, mai koyar da kimiyyar rayuwa a kwalejin wani garin kasuwa a yankin Gidan Rumji. Na yi wa ajina bayani cewa suna ne kawai ya bi alade, ita cutar daga mutum zuwa mutum take tafiya, ta tari da atishawa da gaisuwar hannu. Suka rubuta a kaye, littattafansu na aji, da kyakkyawan rubutu, wasu har da ja layi a ƙasa. Aka buga ƙarfen hutu, suka fita suka sha ruwa a randa ɗaya da moɗa ɗaya.

Wajen ƙarshen sanyi bencunan ajin suka fara yin giɓi. Bencin da yara huɗu ke matsuwa a kai sai ka ga biyu, su ma idanu jajur. Tari ya zama kamar amshi: in na faɗi jimla, aji ya amsa. Da abin ya yi yawa, majo, wato babban ma'aikacin asibitin garin da muke kira likita, ya zo makarantar, lakol a bakinmu, ya goge hancin wasu yara da auduga, ya ce za a aika Yamai a duba. Sannan ya tara mu a buron darakta, ofishin shugaban makaranta.

Ya ce kada mu firgita, yawancin yaran za su tashi da kansu. Ya ce waɗanda yake jin tsoro dominsu su ne jarirai, da masu ciwon ƙirji tun asali. "Amma wadda ta fi hana ni barci," in ji shi, "mace mai ciki ce. Ita in ta kama, a kawo ta ran nan, kada a jira gobe." Yana magana yana duban kowa. Ni na ga kamar ni kaɗai yake duba.

Matata tana da ciki a lokacin, kuma a duk duniya babu wanda aka faɗa wa. Ni ma ba a faɗa mini ba. Na gane ne da ta daina shiri da warin daddawa, ta fara ɗaura zane sama da inda ta saba. Shekarar da ta gabata ta yi ɓari. A wancan karon murna ta sa ta gaya wa ƙawaye da wuri, da cikin ya zube tsofaffi suka ce baki ne. Na yi mata bayanin yadda irin wannan ke faruwa ba da bakin kowa ba, ta saurare ni har ƙarshe kamar ɗaliba mai ladabi, ba ta yarda da ko kalma ɗaya ba. Ranar da ta ga na gane na biyun, abin da ta ce kawai shi ne, "Kak ka hwaɗi. Ko ni kak ka hwaɗa ma." Bagobira ce daga wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa, ni kuma Bakatsine mutumin Gangara, kuma tun farkon aure na koyi cewa in ta yi magana da wannan muryar an rufe taro.

Ba mu biyu kaɗai ke gidan ba. Yaran ƙauye da suka ci jarrabawar shiga kwaleji sai sun sami gidan da zai riƙe su a gari, in ba su samu ba karatun ya tsaya. Wani makiyayi da na sani ya kawo mini ɗansa a farkon shekara, ya tsugunna a zaure ya ce, "Mushe, ga amana." Bai ko dubi yaron ba. Yaron yana ajin ƙarshe, siriri, mai kaifin kai a lissafi. Yana kwana a ɗakin da ke jikin zaure, muna ci a kwano ɗaya. Matata yake kira Goggo, ita kuma tana kiransa Ɗan Fillo, tana tsokanarsa cewa ya fi son saniya da mutane. An rene shi a kan cewa namiji ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa yana jin ciwo. Wannan tarbiyya ce mai kyau, sai dai ba a yi ta domin lokacin annoba ba.

Na lura yana tsakurar tuwo yana janye hannu. Na tambaye shi.

"Lafiya lau, Mushe."

"Idonka fa?"

"Hayaƙi ne, Mushe."

Na ga yana haɗiye tari har ƙwalla ta fito masa. Washegari da safe, ana tsaye ana ɗaga tuta, sai ya sulale ƙasa a cikin layi. A amalanke muka kawo shi gida, jikinsa kamar an ciro shi daga murhu.

A ranar aka rufe lakol. Aka ce yaran ƙauye kowa ya koma wajen iyayensa, suka watse a motocin kasuwa da bayan moto, wato babur, kowa da tarinsa a ƙirji. Nawa yaron ba shi da inda zai tafi: iyayensa sun yi kudu da shanu, babu salula, babu wanda ya san a wane daji suke. Ko da na sani ma, ba a mayar da amana a kwance.

Na je likita na karɓo magani. Da na dawo na tarar da matata a ɗakin zaure, zaune a bakin tabarmarsa, hannunta ɗaya a goshinsa, ɗayan riƙe da ludayin kunu. Yana tari a fuskarta yana ba ta haƙuri.

Na kira ta tsakar gida. "Ki daina shiga ɗakin nan."

"In bar ma wa shi? Kai da ba ka san inda ludayi yake ba?"

"Majo ya ce akwai mutanen da bai kamata su kusanci mai wannan mura ba."

"Majo ya ce." Ta aje kwanon. "Ɗan mutane na kwance gidanmu, a ce matar Mushe na ƙyamar shi? Gobe bakin pampo mi za a ce? An ba su amana, sun ga Bahillace ne sun yada."

"To ki je gida ki ɗan kwana biyu."

"Haka kawai, ranar Allah, in ɗauki kaya in tahi gidanmu? Bakatsine, ku can Gangara mi kuke ce ma wannan? Mu nan yaji muke cewa."

Gaskiya ta faɗa. Mace ba ta komawa gidan iyayenta da ƙunshin kaya sai da dalilin da za a iya faɗa a fili. Akwai goyon ciki, da ake zuwa a ɗauke ta in haihuwar fari ta matso, amma lokacinsa bai yi ba, kuma shi kansa shela ce, abin da take gudu ke nan. Na dube ta, na dubi ƙofar ɗakin zaure. Gida mai mutum uku: ɗaya ba ya cewa yana ciwo, ɗaya ba ta cewa tana da ciki, na ukun kuma an ba shi albashi don ya bayyana wa ƴaƴan mutane yadda jiki ke aiki.

Mutum ɗaya ce za ta iya kiranta gida ba a yi surutu ba. Na hau moto na nufi ƙauyen surukata.

A kowace shekara ina zana mahaifa a tablo, babban allon aji, da alli mai launi, in sa kibiyoyi, in rubuta sunan kowane sashe da Faransanci, murya ba ta rawa. A ƙofar ɗakin surukata kuwa takalmi nake cirewa tun daga nesa, in tsugunna a gefe, in yi magana da ƙasa. Na same ta tana daka a tsaye, taɓarya na tashi sama kamar ta budurwa. Da ta gan ni ta shiga ɗaki ta zauna bayan labule, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓara. Muka gaisa. Muka gaida sanyi, muka gaida gajiya, muka gaida mutanen Gangara ɗaya bayan ɗaya har waɗanda suka rasu aka yi musu addu'a.

"Inna, an rufe lakol. Mura ce ta shigo."

"Mun ji. Yaran garin ga duk sun dawo."

"Yaron da ke wurinmu ma yana kwance."

"Allah shi ba shi lahiya."

"Amin. To, likita ya ce akwai waɗanda ba a so su zauna kusa da mai ita."

"Waɗanne?"

"Masu rauni, Inna."

"Tsohi irina?"

"Har da waɗanda ba su tsufa ba."

Ɓarar gyaɗa ta tsaya. Ina jin kaza tana tono a bayana. Na san in ta sake tambaya ba ni da sauran kalma. Ba ta tambaya ba. Sai na ji ta yi wani nishi mai tsawo.

"Wayyo gwiwa. Malam, gwiwar ga tawa tun shekaranjiya ta hana ni tashi. Ba ni da mai ɗebo mini ruwa. In ka koma ka ce ma yarinyar can ta zo ta gan ni."

Na koma gida ina jin kaina kamar wanda ya sasanta ƙasashe biyu. Ciwon uwa dalili ne da ake faɗa a bakin pampo da ƙarfi. Da safe na ɗauki matata a moto, ina tafiya a hankali har masu jaki suna wuce mu, na sauke ta a ƙauye, na dawo wajen majinyacina.

Kwanakin da suka biyo sun yi mini tsawo. Na koyi inda ludayi yake. Zazzaɓin yaron yana sauka da safe ya hau da la'asar, in ya yi tari sai ya riƙe haƙarƙari da hannu biyu. Ina ɗaura rawani a hanci in shiga, in fito in wanke hannu da sabulu har fata ta yi fari. Maƙwabta suna tsayawa daga bakin zaure su yi sannu, ban ga laifinsu ba. Wata rana ina ba shi magani ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Mushe, ni na kori Goggo."

"Gwiwar Inna ce ta kira ta."

Ɗan makiyayi ne, tun yana ƙarami yake gane saniya mai ciki daga tafiyarta. Bai ce komai ba, ni ma ban ce ba, muka zama mu huɗu da ba mu faɗa ba.

Abin da ban lissafa ba, ni da surukata duka, shi ne dubiya. Tsohuwa ce mai mutunci, babu gidan da ba ta taɓa shiga barka ko gaisuwar mutuwa ba. Da aka ji ta kwanta, ƙauyen ya taso. Mata suka riƙa cika ɗan ɗakinta tun hantsi, gwiwa na gugar gwiwa, kuma da yawansu daga bakin shimfiɗar ɗan kwalejin da ya dawo da tari suke tasowa. Wa zai tarbe su, ya miƙa musu ruwa, ya karɓi moɗa ya miƙa wa ta gaba? Ɗiyar da aka kira jinya. Tsohuwa kuma ba ta iya warkewa da wuri, don in ta warke dalilin zaman ya ƙare. Na ɗauke matata daga gida mai majinyaci ɗaya na kai ta inda cutar ke zuwa gaisuwa da ƙafarta.

Ƙanen matata ne ya kira ni. Ya hau tudun da ake samun rezo, wato sabis ɗin waya, murya tana yankewa. "Yaya ba ta da lahiya. Jikinta garwashi. Tun jiya."

"Tun jiya? Me ya hana a kira ni jiya?"

"Ta ce mura ce kawai."

Yaron ya fara zama da kansa a lokacin, yana jingine da bango yana jin komai. Ya ce, "Tafi, Mushe. Na ji sauƙi." Karon farko ke nan da ya faɗi haka na yarda. Na roƙi maƙwabcina ya riƙa leƙa shi, na tada moto.

Na sami matata a kwance, numfashinta sama-sama, leɓunanta sun bushe. Ba ta iya zama a bayan moto. Aka ɗaura wa jaki amalanke, aka shimfiɗa tabarma. Surukata ta haye da tsalle ɗaya, ta manta da gwiwa, ta ɗora kan ɗiyarta a cinya. Ina biye da su a moto har likitar da ke babban garin yankin.

Rumfar likitar cike take. Mata da goyo, tsofaffi, da ɗalibaina a zube a ƙasa, wasu suna ƙoƙarin miƙewa su gaishe ni. Rabin matan ƴan ƙauyen surukata ne. A bakin ƙofa akwai wani dattijo da sanda mai tsare layi, ba ya barin kowa ya tsallake. Muka zauna a can ƙarshe. Na dubi tsawon layin, na dubi rana, na dubi ƙirjin matata yana hawa yana sauka a ƙarƙashin babban hijabin da ta lulluɓa da shi don kada a ga komai.

Sai ma'aikaciyar likita ta leƙo daga ciki ta ɗaga murya. "In akwai mai ciki da zazzaɓi, ta fara shigowa. Kada ta jira layi." Ta tsaya kaɗan, ba wadda ta motsa, ta koma ciki.

Na dubi matata. Idonta a buɗe yake, ta ji. Ta girgiza mini kai a hankali. Na dubi surukata, abin da ban taɓa yi kai tsaye ba. Ita ƙasa take dubawa. Uwa ba ta shelar cikin ɗiyarta, balle a gaban mijin, balle bayan abin da ya faru bara.

Na tashi na ratsa mutane na je wajen mai sanda. Na yi masa magana ƙasa-ƙasa cewa matata tana cikin waɗanda aka kira.

"Waɗanne anka kira?"

Na faɗa da Faransanci, harshen da kunyata ba ta jinsa.

"Mushe, nan ba lakol ba ne. Bi layi."

Daga baya wata mata ta ce, "Mi ya hi mu? Tun sahe muke nan!" Wata ta ce, "Don yana da moto?" Hayaniya ta fara tashi. Na waiwaya na hango kan matata ya langaɓe a kafaɗar uwarta. Maganar majo ta dawo mini: a kawo ta ran nan, kada a jira gobe. Goben ma ta riga ta yi.

Ina da muryar da ke kai wa bencin ƙarshe na aji mai cike. Da ita na yi amfani.

"Matata tana da ciki. Wata biyar. Ku ba ta hanya."

Rumfar ta yi tsit, har masu tari suka dakata. Ɗalibaina suka sunkuyar da kai kamar ni na kama su da laifi. Surukata ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Can sai wata tsohuwa mai goro a baki ta ce, "Yo Mushe, wa bai sani ba? Mu dai ba mu hwaɗi ba." Ita ce ta fara tashi. Matan da ke hayaniya yanzun nan suka ɗaga matata kamar jaririya, mai sanda ya ja gefe, aka shige da ita.

Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa, aka ba ta maganin da aka keɓe wa irinta. Da aka bar ni na shiga, ta juya fuska bango. Na tsaya a bakin gadon.

"Ka hwaɗi," ta ce. "Gaban kowa."

"Na faɗa."

"In wani abu ya hwaru, bakinka ne."

Ina da amsoshi masu kyau, duk suna cikin littafi. Na haɗiye su. Na san in cikin nan ya zube, ko zazzaɓi ne ya zubar da shi, a wurinta ni ne, kuma zan zauna da wannan a gida ɗaya har ƙarshen rayuwa.

Na yi ta zirga-zirga tsakanin gida da likita, safe wajen yaro, yamma a kan benci a bakin ɗakinta. Ni da surukata muna zama a ƙarshe biyu na bencin, kowa yana nazarin wani bango daban. Zazzaɓin ya ƙi sauka, ya sauka, ya dawo. Ma'aikaciyar ta ce in numfashin ya ƙara tsananta sai Maraɗi. Na tambaye ta cikin fa, ta ce a bari a ga uwar tukuna. Matata ba ta yi mini magana. In na shiga da ruwa tana karɓa, in na tambayi jiki tana cewa da sauƙi, irin da sauƙin Ɗan Fillo.

Wata safiya na shiga na tarar ta zauna, ta jingina da bango, tana shan kunu da kanta. Uwarta ta fita alwala. Ta dubi ƙofa, ta tabbatar babu kowa, ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Yana motsi." Kafin in buɗe baki ta ɗaga ludayi ta nuna ni da shi. "Saura ka hita ka yi shela."

Sakamakon Yamai, mai tabbatar da cewa murar aladu ce, ya iso bayan an buɗe lakol, yara sun koma shan ruwa da moɗa ɗaya. Yaron ya zauna jarrabawarsa da sauran tari a ƙirji. Da ruwa ya sauka ubansa ya dawo daga kudu, ya tsugunna a zaure ya tambayi lafiyata, da ta iyali, da ta moto, bai tambayi ta ɗansa ba, ya aje ƙwaryar man shanu ya tafi.

Ana cikin shuka matata ta haihu a ɗakin uwarta, mace. Surukata ba ta taɓa tada maganar rumfar likita ba, ni ma haka. Sai dai har yau in na je gaisuwa, da ta hango ni sai ta fara ɗingishi, wani lokaci da ƙafar dama, wani lokaci da ta hagu. Yarinyar ta girma, ta zauna a ajina, ta zana abin da nake zanawa a tablo ta fi ni iyawa. Ɗiyar fari ce, don haka ba zan faɗi sunanta ba.